Furen da na saya ja ne, 'ya'yansa sun fito kala-kala: laifin iri ne ko nawa?

Maman Sadik, Jos: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, masana su yi haƙuri da tsawonta. Farkon daminar bara na sayi tukwane huɗu na wani fure a wurin masu sayar da tsirrai na bakin titi. A jikin 'yar robar da aka soke a tukunyar an rubuta impatiens, mai sayarwar kuma ya ce sabon iri ne. Ja ne wur, da fari a tsakiya kamar tauraro. Gajere ne, bai wuce taƙi ɗaya ba, amma ya baje ya rufe bakin tukunya. Na jera su a inuwar mangwaro, suka yi ta fure har Oktoba. Can sai na ga sun yi 'yan ƙwanso kore kamar jaririyar kuɓewa. Na kai hannu zan duba ɗaya, sai ya fashe a tsakanin yatsuna, ɓawon ya nannaɗe kamar tsutsa, ƙwayoyin suka watse ban ga inda suka faɗa ba. Daga ranar na riƙa ɗaure wa kowane ƙwanso guntun gidan sauro, har na tara iri a ambulan. Bana na shuka, 31 suka rayu, yanzu sun fara fure. To albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Wasu ja, wasu ruwan hoda, wasu ruwan goro, tauraron ya ɓace a yawancinsu, wasu kuma sun zuƙe har gwiwa. Guda ɗaya ce ta fito da kalar da ban taɓa gani ba, ciki fari tas, gefe-gefen kuma ruwan hoda mai duhu kamar an zizara mata kwalli. Shin cuta ta aka yi tun farko? Kuma wannan ɗayar, sabon iri na samu ko me?

Mai Lambun Bakin Kogi, Kaduna: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba wanda ya cuce ki. Abin da kika gani a tukunya shi kika biya, kuma ya yi miki fure wata biyar. Mu da muke wannan sana'a ba ma shuka ƙwayarsa, reshe muke yanka. Kin taɓa ganin wanda ya shuka ƙwallon mangwaro mai aure ya samu irin uwar?

Maman Sadik, Jos: Na gode Malam. Amma shi mangwaron ai na san ɗaura shi ake yi a kan wani gindi. Wannan fa ba ɗauri a jikinsa.

Malamin Gona, Samaru: Hajiya tambayarki a kan hanya take, kuma Mai Lambu ya faɗi rabin amsar. Bari in ƙarasa.

Abin da kika kwatanta, gajere mai son inuwa mai laushin kara, shi ne Impatiens walleriana. Kusan duk wanda ake sayarwa a yau iri ne mai aure na haihuwar fari, wanda ake rubuta wa F1 a jikin fakiti, kamar dai tumatir da masarar da manomanmu ke saye sabo kowace shekara. Mai kiwon irin yakan ajiye gida biyu, gidan uwa da gidan uba. Kowane gida an yi shekaru ana barbararsa da kansa har ya tsaya a kama ɗaya. In aka haɗa su, 'ya'yan farko duk sukan fito kamar an buga su da hatimi ɗaya: tsawo ɗaya, kala ɗaya, su yi fure lokaci ɗaya. Su kika saya. Amma kowace a cikinsu tana ɗauke da gadon gida biyu, wani a fili wani a ɓoye. Da suka haifi nasu, sai gadon ya rarrabu, abin da ke ɓoye ya fito. Wannan shi ne abin da Gregor Mendel, masanin yadda ake gadon kama, ya nuna da waken Turawa tun 1865. Ƙari a kan haka, tukwanenki a waje suke, malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma suna yawo, ba ki san daga gidan wane maƙwabci suka kwaso garin fure ba.

Dogayen nan da suka zuƙe har gwiwa, kakanninsu suka biyo. Na daji dogo ne, furensa jefi-jefi.

Ɗaliba mai nazarin tsirrai: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. In ƙara da batun fashewar ƙwanson, daga nan sunan ya samo asali. Impatiens da Latin na nufin maras haƙuri. Ɓawon ƙwanson a ɗame yake da ruwa, in ya nuna ko iska ta kaɗa shi sai ya tsage gida biyar ya cilla 'ya'yan. Dabarar gidan sauron da Mama ta yi ita ce daidai, masu kiwon iri ma jaka suke sa masa.

Shugaban Zaure: To mun samu suna. Daga yau a zauren nan maras haƙuri za mu riƙa ce masa, ya fi sauƙin rubutawa.

Anti Mai Tukwane, Kano: Ni dai na yafe shi. Sau biyu ina saya. Na biyun ma mai sayarwar rantsuwa ya yi mini cewa sabon iri ne mai jure rana, ganyensa dogaye masu duhu, furen babba kamar bakin kofin shayi. A Janairu na saya, ya yi kyau har ina kiran maƙwabta su zo su gani. Afrilu na kamawa ya fara yaushi da hantsi, in ba shi ruwa ya miƙe, la'asar ya sake kwanciya. Daga baya ganyen ya yi ɗige-ɗige kamar an yayyafa masa toka, da wata saƙa siririya a bayansa. Kafin ruwan farko ya sauka kara kawai ya rage. Kuɗin da na kashe da ya saya mini bugenbiliya uku.

Malamin Gona, Samaru: Hajiya, naki da na Maman Sadik dangi ne amma ba abu ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su shi ke jawo wa mutane asara. Dangin nan yana da jinsi sama da 1,000 a duniya, amma uku ne suka cika kasuwa.

Na farko walleriana, ɗan Gabashin Afirka, daga Kenya da Tanzaniya har Mozambik. An raɗa masa sunan Horace Waller, ɗan mishan na Ingila da ya yi aiki a yankin Malawi ta yau a zamanin David Livingstone. Da can ma sultanii ake ce masa, don girmama Sarkin Zanzibar. Wanda ya mai da shi furen kasuwa wani Ba'amurke ne, Claude Hope. Ya je Kosta Rika lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don noman itacen da ake yin kwinin da shi, ya tarar da furen ya bazu a bakin hanyoyi kamar ciyawa. Ya zauna a gonarsa ta Linda Vista kusa da Cartago yana zaɓe yana haɗawa, har a shekarun 1960 ya fitar da gajerun da aka kira Elfin, daga baya Super Elfin.

Na biyu shi ne na Niyu Gini, Impatiens hawkeri. A 1970 ma'aikatar gona ta Amurka da lambun Longwood suka tura masu tattara tsirrai tsibirin, suka dawo da nau'o'i da dama, aka raba wa masu kiwo. Shi ne mai dogon ganye mai baki kamar zarto, ganyen na fitowa a zagaye da gaɓa kamar fanka, wani kore wani jaja-jaja, furen babba. Naki kenan, ko ɗan'uwansa.

Na uku su ne haɗin jinsi da jinsi, kamar SunPatiens da kamfanin Sakata na Japan ya fitar a 2006, wanda aka yi amfani da na dajin Indonesiya wajen haɗa shi. Wannan ya fi sauran jure rana da zafi, gaskiya ne. Amma ba kowane mai dogon ganye ne shi ba, kuma tukunyar da ba ta da takarda ba wanda zai iya rantse miki ko mece ce.

Anti Mai Tukwane, Kano: To ko da shi ne na ainihin, Malam, zai iya da Kano?

Malamin Gona, Samaru: Ni ba zan ɗora miki shi a ranar Afrilu ba. Karansa ruwa ne zalla, matsa shi da farce ki gani. Ganyensa ba shi da kakin da ke hana ruwa fita irin na bugenbiliya. In zafi ya doshi digiri 40 kuma iska ta bushe, ruwan da ke fita ta ganye ya fi wanda saiwa ke iya ja, ko da ƙasar a jiƙe take. Shi ya sa kika ga yana kwanciya da hantsi. Ɗige-ɗigen da saƙar kuwa aikin wasu ƙananan ƙwari ne 'yan'uwan gizo-gizo, bushewa da zafi su ne lokacinsu. A Kano ki ɗauke shi furen damina da farkon sanyi, a inda zai samu ranar safe kawai, ki riƙa wanke bayan ganyen da ruwa. In bazara ta zo ki yanki rassa ki reno su a cikin gida kusa da taga.

Mai Lambun Bakin Kogi, Kaduna: Malam ya yi gaskiya, amma in ƙara abu ɗaya da na koya da asara. Na Niyu Gini ba ya son taki da wuri. Shekarar da na fara kawo shi na zuba masa NPK kamar yadda nake yi wa sauran, cikin mako ɗaya bakin ganyen ya ƙone, tire biyu suka tafi. Yanzu sai saiwa ta kai bangon leda nake ba shi, shi ma ɗan kaɗan a narke cikin ruwa. Ƙasar da nake haɗawa: buntun shinkafa da ya ruɓe, yashin kogi, da tsohon takin shanu da ya shekara.

Baban Hauwa, Maraɗi: Salamu alaikum. Ni manomin hatsi ne, fure na iyali ne, amma ina bin zancen. Abin da ban gane ba, me ya sa kullum sai an yi sabon iri? Ja ja ne, fari fari ne. Mu in an kawo mana sabon irin gero mun san dalili, ko ya fi saurin nuna ko ya fi jure fari. Fure kuma fa?

Malamin Gona, Samaru: Baban Hauwa, dalilin naku da nasu ɗaya ne, kuma labarin zai yi maka kama da na gona. Ka san cutar nan ta gero da ke sa bayan ganye ya yi fari-fari, zangarniya ta koma ganye maimakon tsaba? Wadda masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, can Nijar, suka daɗe suna kiwon iri a kanta? To 'yar'uwarta ce ta faɗa wa maras haƙuri. Sunanta Plasmopara obducens. An ganta a Ingila a 2003, a 2011 ta yi ɓarna mai yawa a can, a 2011 da 2012 kuma ta bazu a jihohin Amurka. Ganye ya yi rawaya ya lanƙwashe ƙasa, bayansa ya yi farin gari, sannan fure da ganye su zube a bar kara tsirara. Ƙwayarta tana iya kwana a ƙasa ta jira wata shekarar. Furen da ya fi kowane kasuwa cikin furannin inuwa, sai ga manyan shaguna a Ingila sun daina sayar da shi.

Na Niyu Gini bai damu da cutar ba. Sai mutum ya ce to a haɗa su mana. Nan gizo ke saƙar. Walleriana yana da ƙullin gado, wato kromosom, guda 16 a kowace ƙwayar halitta, na Niyu Gini yana da 32, ba sa karɓar juna cikin sauƙi. Dole masu kiwo suka koma neman juriyar a cikin shi walleriana ɗin, suna shuka dubbai suna sa musu cutar da gangan suna ɗaukar wanda ya tsaya. Tsakanin 2018 da 2020 aka fito da guda biyu: Imara XDR na Syngenta da Beacon na PanAmerican Seed. Imara kalmar Swahili ce, mai ƙarfi ko tsayayye. A ido ba za ka bambanta su da tsofaffin ba. Sabuntar a ciki take.

Baban Hauwa, Maraɗi: Yanzu na gane. Allah ya saka da alheri.

Ɗaliba mai nazarin tsirrai: Mama ta Jos ki kula da wannan, don sanyi da laima cutar ke so, irin yanayinku na Agusta. Ki riƙa juya ganye kina dubawa, kada ki yi ban ruwa da yamma a kan ganye, kuma ki ba tukwanen tazara iska ta ratsa.

Maman Sadik, Jos: In sha Allah. Amma har yanzu ba a ce komai a kan 'yar tawa mai kwalli ba.

Mai Lambun Bakin Kogi, Kaduna: Hajiya ki yanko mini reshe uku kawai, ni zan yawaita ta, mu sa mata sunanki, kafin Kirsimeti ta shiga kasuwa.

Malamin Gona, Samaru: A'a Mai Lambu, a nan ban bi ka ba. Wannan gaggawar ita ce ta sa kowane fure a bakin titi ya zama "sabon iri", har kalmar ta daina nufin komai, kuma ita ce ta ci kuɗin Hajiya ta Kano. Tsiro ɗaya mai kyau ba iri ba ne tukuna. Ƙa'idar da ƙasashen UPOV, ƙungiyar duniya ta kare sabbin irin tsirrai, ke bi sharuɗɗa uku ce a kan tsiron kansa: ya bambanta a fili da duk wanda aka sani, 'ya'yansa su yi kama da juna, kuma kamar ta dawwama in an yi ta yawaita shi. Mai fari a ciki da duhu a gefe akwai irinsa a kasuwar duniya tuntuni, don haka sai an gwada an ga ta ina nata ya fita daban.

Wanda ya taɓa karanta takardar mallakar sabon fure ta Amurka zai ga yadda ake yi. Tun 1930 suke da dokar ba da mallaka a kan tsiron da ake yawaitawa ta reshe, yanzu wa'adinta shekara 20. Takardar takan faɗi uwa da uba, garin da aka yi haɗin da shekarar, da inda aka fara yanka reshe. Sannan awo: tsawon tsiro da faɗinsa, tazarar gaɓa da gaɓa, tsawon ganye da yanayin bakinsa, faɗin fure, kwana nawa reshe ke yi kafin ya yi saiwa kuma a wane zafi. Kala ma ba a cewa "ruwan hoda" a wuce. Akwai katunan kala na ƙungiyar masu lambu ta Ingila, RHS, kowace kala da lambarta, a kara katin a jikin furen a hasken rana a rubuta lambar sama da ta ƙasa, da yadda take koɗewa in furen ya tsufa. Har ɗan ƙahon nan na bayan fure sai an auna.

Maman Sadik, Jos: Wannan siririn abu mai lanƙwasa kamar wutsiya? Na ɗauka ado ne.

Ɗaliba mai nazarin tsirrai: Rumbun zumarsa ne, Mama. Furen yana da kunnuwa biyar a gaba, a baya kuma ɗaya daga cikin ganyen da ke rufe toho ne ya miƙe ya zama wannan bututun, zumar na can ƙarshensa. Sai mai dogon baki ke kai wa gare ta, kamar malam-buɗe-littafi, yana miƙa baki yana shafar gari. Ki duba tsakiyar furen da ya buɗe yau, za ki ga wata 'yar hula mai gari a kai. Mazan furen ne suka manne da juna suka rufe macen. Bayan kwana kaɗan hular ta faɗi, sai koren kan macen ya bayyana, a lokacin ne take karɓa. Wato fure ɗaya namiji ne da farko, mace daga baya. In kina son haɗa biyu da hannunki, ki ciro mai sabuwar hula ki goga a kan wadda hularta ta faɗi, ki ɗaura zare a wuyanta don shaida, ki rufe ta da gidan sauronki tun kafin hular ta faɗi don kada ƙwaro ya riga ki.

Ɗan Gembu: Ni fa wani abu ke ci mini tuwo a ƙwarya tun da Malam ya fara bayani. Furen nan na Afirka ne. An ɗauke shi daga Zanzibar, wani ya gyara shi a Kosta Rika, kamfanonin Amurka da Turai suka mallake shi, yau 'yar'uwarmu a Jos tana sayen jikansa ana ce mata in ta shuka ba zai fito daidai ba. Mu nan Mambila in ka bi bakin rafi da damina za ka ga danginsa na daji, ruwan hoda, suna fashewa in ka taɓa. Yara ke wasa da su. Gobe wani zai zo ya ɗiba, jibi a sayar mana. Ni a ganina Mai Lambu ya yanka duk abin da ya ga dama ya sayar, ba wanda ke binsa bashi.

Malamin Gona, Samaru: Ƙanena, zafin da kake ji na gane shi, kuma rabin maganarka ina tare da kai. Amma ka tuna dogayen Hajiya da suka zuƙe har gwiwa, su ne abin da aka ɗauka daga daji. Gajeren da ke rufe tukunya da fure aikin shekaru ne na mutum, ya shuka dubu ya zubar da ɗari tara da casa'in da tara. In kowa zai yanka ya sayar ba tare da komai ya koma masa ba, wa zai zauna ya yi irin aikin da ya ceto furen daga cuta?

Ɗan Gembu: To su mutanen Zanzibar me ya koma musu?

Ɗaliba mai nazarin tsirrai: Yaya, a wancan zamanin babu ƙa'ida, ɗauka kawai ake yi. Yarjejeniyar Rio ta 1992 ce ta tabbatar cewa kowace ƙasa ita ke da iko da tsirranta na daji, ta Nagoya ta 2010 kuma ta yi bayanin yadda za a raba amfani. SunPatiens ɗin da aka ambata misali ne: Sakata ya ƙulla yarjejeniya da hukumar binciken noma ta Indonesiya, wani kaso na cinikin yana komawa can. Abin da ke bakin rafinku ma yanzu ba a ɗaukarsa haka kawai bisa doka. Amma ni abin da ya fi damuna ba mai zuwa ɗauka ba ne. Yankinmu yana da nasa. Impatiens irvingii na fadamun Afirka ta Yamma, Impatiens sakeriana na tsaunukan Kamaru wanda ƙananan tsuntsaye masu shan zumar fure ke yi wa barbara, Impatiens niamniamensis mai ja da rawaya kamar bakin aku. Masu kiwo har gobe suna bin kalar da walleriana ba shi da ita. Rawaya daga auricoma na tsibiran Komoros aka nemo ta. Shuɗi na gaske sai a 2003 aka gano shi a wani kwazazzabon Tibet. Mu da muke zaune da namu, wa ya taɓa dasa su a tukunya ya ga halinsu?

Ɗan Gembu: Wannan kam gaskiya ne, ni kaina ban taɓa ba. Amma ban janye maganata a kan Zanzibar ba.

Mai Lambun Bakin Kogi, Kaduna: Ni ku fitar da ni daga duhu. In na yanka na sayar, na karya doka ko ban karya ba?

Malamin Gona, Samaru: Mallakar iri a ƙasar da aka yi rajista take aiki, takardar Amurka a Amurka take da ƙarfi. Amma Najeriya ma ta yi tata dokar kare sabbin irin tsirrai a 2021, ofishinta na ƙarƙashin hukumar iri ta ƙasa, NASC. Wa'adin shekara 20 ne, itatuwa 25. Su Baban Hauwa a Nijar suna ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta game ƙasashen ƙungiyar. Irin da aka yi wa rajista a nan, yawaita shi don sayarwa sai da izinin mai shi. Wanda ya yanka don tukunyar gidansa ba ruwan doka da shi, haka wanda ya yi amfani da shi wajen kiwon wani sabo. Kuma ka lura, dokar da kake tsoro ita ce za ta kare Hajiya in 'yar tata ta tabbata.

Akwai wani dalilin da ya fi doka kusa da aljihunka. Reshe yana tafiya da duk cutar da ke jikin uwa. Akwai bairos mai sa baƙaƙen zobba a ganye, wanda ƙananan ƙwarin nan tirips, dangin masu cin furen wake, ke yaɗawa. Manyan gonakin da ke yanka rassa a Kenya da Yuganda da Habasha suna tura wa Turai, iyayen tsirransu a rufe suke cikin raga, ana tsoma wuƙa a magani tsakanin tsiro da tsiro. Kai da reza ɗaya kake bin tire goma.

Mai Lambun Bakin Kogi, Kaduna: Wannan ta shige ni. Akwai wani layi da nake ta yanka daga uwa ɗaya shekara uku, bana ganyen ya ƙanƙance ban san dalili ba. Gobe zan ware shi.

Anti Mai Tukwane, Kano: Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Kakata tana da wani fure a bayan ɗaki, dogo, furen manne da kara a ƙarƙashin ganye, shi ma ƙwansonsa na fashewa amma mai gashi-gashi. Duk damina da kansa yake fitowa. Shi ma danginsu ne?

Ɗaliba mai nazarin tsirrai: Kwatancen ya yi daidai da Impatiens balsamina, ɗan Indiya, Anti. Shi ya fi duka sauƙi a ƙasa mai zafi, kuma ƙwayarsa ake shukawa. Abin da zai ba ki sha'awa, yana ɗauke da sinadarin nan da ke sa lalle ya kama. A Koriya mata na daka furensa da ganyensa su ƙunsa a farce ya yi ja. A Habasha kuma akwai Impatiens tinctoria da suke kira insosila, saiwarsa mata ke dafawa su yi ƙunshin hannu da ƙafa.

Anti Mai Tukwane, Kano: Ikon Allah. To shi zan nema bana, tunda ya san ƙasarmu.

Maman Sadik, Jos: Malam, to yanzu me zan yi da ita? Ina tsoron in yanka ta mutu, guda ɗaya ce tak.

Malamin Gona, Samaru: Barinta ita kaɗai ya fi haɗari, Hajiya, akuya ɗaya ta isa ta rufe zancen. Da safe ki yanki kan reshe mai gaɓa biyu ko uku, tsawon ɗan yatsa, da sabuwar reza. Ki cire fure da toho da ganyen ƙasa. Ki soka a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ki kifa masa gorar ruwa da aka yanke gindinta. Cikin mako biyu zai yi saiwa. Kada ki ɗauki fiye da rabin rassanta a lokaci ɗaya. In waɗannan sun girma ki sake yanka daga jikinsu, sannan daga jikin na biyun. In hawa uku kwallin bai gushe ba, mun fara magana. Ki samu littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da awo da rula, ki ɗauki hoto kullum a wuri ɗaya da ƙarfe tara na safe, da farar takarda a baya. Kuma ki ajiye ja ɗaya daga cikin 'yan'uwanta a gefenta don gwadawa.

Sannan a raba ta. Kaduna, Kano, Gembu. Mu abin da ya kamata mu zaɓa ba kala kawai ba ce. In a cikin 31 ɗin nan akwai wadda ta ƙetare hunturu da bazara ba ta kwanta ba, ko da kalarta ba ta kai ba, kada ki yar da ita. Ita za ki haɗa da mai kwallin.

Ɗan Gembu: In ruwa ya ɗan tsagaita zan tono na bakin rafi guda biyu in dasa a tukunya, in turo hoto Ɗaliba ta gaya mana ko wane ne.

Ɗaliba mai nazarin tsirrai: Ka ɗauko furen ta gaba da ta gefe yadda ƙahon zai fito, da ganyen sama da ƙasa, ka rubuta inda ka same shi. Kuma kada ka kwashe gindin duka, reshe ma ya isa.

*Bayan mako uku*

Maman Sadik, Jos: Salamu alaikum. Na yanka tara, bakwai sun yi saiwa, biyu sun ruɓe daga ƙasa, ina jin ruwa na cika musu. Uwar tana nan ta sake toho. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ta buɗe fure jiya, faɗinsa santimita 4, kwallin yana nan amma bai kai na uwar duhu ba.

Malamin Gona, Samaru: Madalla. Furen farko a kan ƙaramin reshe ba a yanke hukunci da shi, kuma tana cikin inuwa fiye da uwar. Ki matsar da ita kusa da uwar, ki rubuta abin da kika gani yau, ki jira na huɗu da na biyar.

Mai Lambun Bakin Kogi, Kaduna: Hajiya in sun ƙara mako biyu ki ba direban motar safe guda biyu, a kwali mai huji, a naɗe ledar da jiƙaƙƙiyar jarida. Zan ajiye su nesa da layin nan nawa mai ƙananan ganye, kuma ba zan yanka ko ɗaya ba sai kin ce.

Anti Mai Tukwane, Kano: Nawa a bari sai Yuli, ruwa ya zauna tukuna.